Yanke Saba'in da Uku na Bahago

Bahago da dama yake cin abinci, da dama yake rubutu, da dama yake miƙa wa mutum hannu. Sunan a ofishinmu na zanen gine-gine ya same shi, saboda abin da hannunsa na hagu ke yi a kan kibod ɗin kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da nasa, kuma in faɗi gaskiya, rabin shekarun nan cikin jin haushinsa na yi su.

Aikinmu ba boyayye ba ne. Injiniya, mai ofishin, zai zo da abin da ke kansa a zane a kan 'yar takarda, mu kuma mu mai da shi cikakken zane a kwamfuta: bango, ƙofa, taga, bene, da awon kowane abu, yadda magini zai duba ya san inda zai aza bulo. Manhajar zanen tana da hanya biyu. Ko dai ka ja linzami, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, ka je gefen fuskar kwamfuta ka nemo ɗan hoton aikin da kake so, ka danna, ka dawo. Ko kuma ka buga harafi ɗaya ko biyu, ka taɓa dogon madannin ƙasa da babban yatsa, aikin ya zo maka da kansa. Wannan ta biyun ita muke kira yanke.

Ni 'yar hanyar farko ce. Ina sane da yanken, na ma san huɗu ko biyar, amma hannuna ya saba da yawon neman hotuna, kuma ban ga wanda na kashe da hakan ba. Bahago ne ya ƙi bari in sha ruwa.

"Sarauniyar Linzami," haka yake ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba, "har yanzu kina kan hanya? In kin isa ki gaishe mini da su."

"Yaya Bahago, ka fita harkata. Zanen gidan mutane nake yi, ba tsere ba."

"To ki yi a hankali, kada mai gidan ya tsufa kafin ki kai ɗakin girki."

Shi kuwa kallon aikinsa kawai gajiyar da mutum yake. Hannun dama na kan linzami, da ƙyar yake motsi. Na hagu kuma yana kwance a ɓarin kibod, yatsun suna ta ƙas ƙas ƙas kamar ana tsintar shinkafa a faranti. Bango ya fito, ya yi kauri, a datse shi, ƙofa ta zauna, awo ya hau. Abin da nake kwana huɗu a kansa, shi kafin a tashi aiki washegari ya miƙa.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Ɗan kafinta ne, kuma babansa ne ya lura cewa yaron ya fi son zana kujera a kan ya haɗa ta, sai ya kai shi wurin wani tsohon mai zane. Shekara goma sha tara ya yi a tsaye gaban babban allon zane, da rula da fensir da alƙalamin tawada, da reza ta kankare kuskure. Yana da tabo a ɗan yatsansa da yake nuna wa duk wanda ya yi ƙorafin aiki ya yi yawa. Da kwamfuta ta shigo su shida ne a kan alluna, huɗu suka tattara rulolinsu suka kama wata sana'ar, ɗaya ya yi ritaya. Bahago, yana dab da shekara arba'in, da mata da 'ya'ya uku, ya zauna yana koyo da yatsa ɗaya, samarin ofis suna dariya a bayansa. Ya taɓa gaya mini cewa wata shida ya yi bai fita cin abincin rana ba.

A cikin wannan zaman ne ya gano cewa manhajar tana da wani ɗan fayil inda aka jera haruffan yanke, kuma mutum yana iya canza su yadda ya ga dama. Nan ya samu abin yi. Haruffan da masu manhajar suka sa sun warwatsu ko'ina a kibod, wani sai ka saki linzami ka miƙa hannu kafin ka kai gare shi. Bahago ya kwaso su duka ya tara a ƙarƙashin yatsun hagu. Bai damu da ko harafin ya yi kama da sunan aikin ba. Aikin da ya fi yi, ya ba yatsan da ya fi sauri, shi ke nan. A hankali, shekara bayan shekara, yana ƙarawa, yana sauyawa, har suka kai saba'in da uku. Da ya ga ba ya bukatar ƙananan hotunan nan na gefe, sai ya rufe su gaba ɗaya. Fuskar kwamfutarsa baƙa ce wuluk, ba komai sai zane. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi, don ko layi ɗaya ba zai iya ja ba.

Na taɓa ce masa ya rubuta su a takarda ya ajiye.

"Ai na rubuta," in ji shi. Ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa mini yatsu biyar. "Ga littafin nan."

Wata safiyar Talata, yana tsakiyar ba ni labarin wani magini da ya karanta zane a juye, kofin shayi ya suɓuce daga hannun nan ya tarwatse a ƙasa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga gefen bakinsa ya karkace. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana cewa na masu kuɗi ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wata huɗu ya yi ba ya nan.

Aikinsa duk ya dawo kaina. A cikin wata na biyu Injiniya ya sayo sababbin kwamfutoci, ya ce a kwashe tsofaffin a share su a ba wata makaranta. Ranar da mai gyaran kwamfuta ya zo, ina fama da zanen wani bene mai hawa uku da ya kamata in miƙa tun shekaranjiya, kaina kamar zai tsage. Ya tsaya a bayana da kwamfutar Bahago a rungume.

"Anti, akwai abin da za a cire a wannan kafin in share?"

Ko juyowa ban yi ba. "Zane-zanensa duk suna rumbun ofis. Share kawai."

Sai bayan kwana uku, ina cikin wanke hannu, abin ya faɗo mini. Fayil ɗin yanke ba ya zama a rumbun ofis inda muke tara zane-zane, a cikin kwamfutar mutum yake zama. Duk mai wannan aikin ya san haka, ni ma na sani. Na kira mai gyaran hannuna a jiƙe, ya ce ai tun a ranar ya gama da su, har an kai. Na tambaye shi ko akwai dabara, ya ce babu.

Ban gaya wa kowa ba. Na je duba Bahago sau biyu bayan haka, na zauna a falonsu, matarsa, wadda ita ma nake kira Yaya, tana ba ni labarin yadda ƙafar ta dawo, bakin ya miƙe, hannun ne kawai yake gardama. Shi kuma yana matsa wata 'yar ƙwallon roba da aka ba shi a asibiti, da ƙyar take lotsawa.

"Ba shi da magana sai ta ofis," in ji ta. "Wai da zarar ya ɗora hannun a kan kibod zai tuna hanyarsa."

Na ce Allah ya sa. Na shanye ruwan da ta ba ni na tashi, ina jin kaina kamar ɓarauniya.

Ranar Litinin ɗin da ya dawo, Injiniya ya kira shi ofishinsa, ƙofar a buɗe, duk muna ji. Injiniya ba mugu ba ne, amma mutum ne mai aiki a gaba. Ya ce ga zanen wasu shaguna takwas da bene ɗaya, a kawo masa ranar Alhamis ta mako mai zuwa. In ya yiwu, kujerar tasa ce kamar da. In bai yiwu ba, sai su zauna su yi magana, don ofishin ba zai iya riƙe tebur ba mai zane ba. Kwana goma ke nan a kan aikin da Bahago kan gama a kwana biyu.

Ya zo ya zauna. Sabuwar kwamfuta, sabon kibod, fuskar cike da ƙananan hotuna jere-jere. Ya ɗauki hannun hagu da na dama ya ɗora shi a kan madannai. Ya taɓa wani harafi, ya taɓa dogon madanni. Manhajar ta ce ba ta san wannan ba. Ya sake. Ya gwada wani, sai ga wani akwati ya buɗe da bai taɓa gani ba. Ni ina gefe na ƙura wa zanena ido, ba na ganin komai. Ya tashi ya fita yana jan ƙafa, ya daɗe, ya dawo ya zauna.

Can ya ce, a hankali, yadda na bayanmu ba za su ji ba, "Ƙanwata, ina ake samun layi a nan?"

Na sha ganin abin tausayi, amma wannan tambayar ta karya mini zuciya. Mutumin da ya fi kowa sauri a ginin nan bai san inda hoton layi yake ba, don rabonsa da nemansa shekara goma sha biyar. Na miƙa hannu na nuna masa. Bai yi mini tsiya ba, ni ma ban yi masa ba.

Da aka fita cin abinci na jawo kujerata kusa da tasa, na ɗauko biro da takarda.

"Yaya, sabuwar kwamfuta ce, shi ya sa. Ka faɗo mini haruffanka in sake zuba maka su. Aikin minti talatin ne."

Ya faɗi na layi. Ya faɗi na da'ira, da na kwafi, da na gogewa, da na awo. Biyar.

"Datsewa fa?"

"Yana nan wajen," ya ce, yana kallon ɓarin kibod ɗin.

"Wane harafi?"

"Ban sani ba."

Abin da yake yi sau ɗari biyar a rana, bai san harafinsa ba. Ba ciwon ne ya ɗauke masa ba, don likita ya ce tunaninsa garau yake. Tun da daɗewa kansa ya sallama wa yatsun wannan aikin ya manta da shi. Ya gwada nema da hannun dama, hannun ya tsaya a sama yana lalube kamar baƙo a gidan mutane.

Washegari na shiga ɗakin ajiya na tono tsohon kibod ɗinsa a cikin wani kwali. Ba wuyar ganewa. Ɓarin dama sabo fil, har da ƙura a tsakanin madannai. Ɓarin hagu kuwa haruffan sun goge, madannan sun yi santsi, dogon na ƙasa har ya yi ɗan rami inda babban yatsa ke sauka. Na jona masa. Da ya ɗora hannu, na ga fuskarsa ta ɗan saki.

Dabarar da muka yi ita ce, ya rufe ido, ni kuma in kira aiki ba zato, in zuba wa yatsun ido.

"Datse."

Yatsan tsakiya ya ɗan zabura zuwa sama. Na duba madannin, na gwada da na sabon kibod don in gane harafin, na rubuta.

"Miƙa layi."

Ko yatsa ɗaya bai motsa ba.

"Ba bango kauri."

Yatsa biyu suka motsa, ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta.

Haka muka yi ta yi kullum a hutun rana, abincina yana hucewa a jaka. Wata rana mu samu huɗu, wata rana ko ɗaya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba sa amsawa sam, kuma Allah kaɗai ya san nawa ne ke ƙarƙashinsu. Zuwa Litinin ta biyu mun samu goma sha tara. Na zuba su a sabon fayil, na kwafe shi wuri uku, abin da ya kamata in yi tun farko.

Sai dai sanin harafi daban, danna shi daban. Yatsan zai nufi wurin, ya yi rawa, ya danna sau biyu ko ya haɗa da na kusa. Ya koma yi da dama: ya saki linzami, ya tsallaka ya buga, ya dawo ya kama linzami, ya nemi inda ya tsaya. Har ni na fi shi sauri, kuma ban taɓa jin ɗacin fin wani ba sai a wannan makon. Ranar Talata da yamma shago uku kawai ya gama, bene ko farawa bai yi ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga a ɗakin da na'urar sanyi ke aiki.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa. Na buɗe zanensa daga rumbun ofis, na zana masa benen gaba ɗaya, na ƙara shago biyu, na rufe. Da ya zo na dukufa a kan aikina. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Wannan benen ba nawa ba ne."

"Naka ne mana. Jiya ka fara shi, ka manta."

"Ƙanwata, hannu na rasa, ba ido ba. Ke kaɗai ke sa awo a cikin bene maimakon a gefensa. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa miki."

"Yaya, wa zai sani? Ka bar shi, mu wuce Alhamis tukuna."

"Juma'a fa? Da Litinin? Kullum za ki riƙa sammako kina yi mini aiki, ni in zo in zauna kamar hoto?"

Ya ja linzami ya zagaye benen da shagunan biyu. Sannan ya ɗaga hannun hagu da kansa, ba tare da taimakon na dama ba, ya sauke manunin yatsa a kan madanni ɗaya, babban yatsa ya bi da dogon madanni. Ƙas, ƙas. Tsaf, ba rawa, kamar da. Duk abin da na zana ya ɓace. A cikin kwana goman nan, wannan ne kaɗai yanken da na ga hannun ya buga daidai, kuma na gogewa ne.

Bai jira Alhamis ba. Da rana ya shiga wurin Injiniya, wannan karon ya rufe ƙofa. Da ya fito ya bi teburi-teburi ya yi sallama, ya ɗauki kofinsa da tsohuwar rular da yake ajiyewa a aljihun tebur. A wurina ya ce, "Sarauniya, a ci gaba da yawo," ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke aiki sosai. Kibod ɗin ya bar shi a kan tebur.

Ranar Asabar da hantsi na sa shi a leda na tafi gidansu. Yaya ta shigar da ni falo ta koma wurin wanki. Yana zaune kusa da taga, ƙwallon robar tana kan cinyarsa, ba ya matsa ta. Na ajiye ledar, na gaishe shi, na yi ta kame-kame a kan zafi da cunkoson hanya. Daga ƙarshe na yi ta maza.

"Yaya, akwai maganar da ke cina. Fayil ɗinka ba canjin kwamfuta ne ya cinye shi ba. Mai gyara ya tambaye ni ko akwai abin cirewa, na ce ya share. Ni ce."

"Na sani."

Na ɗago na dube shi.

"Ranar da na dawo, da na fita na daɗe, shi na je na kira. Ya gaya mini yadda kuka yi."

"Kuma ka zauna da ni kwana goma ba ka ce komai ba?"

"Ranar farko na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Har na shirya abin da zan faɗa miki." Ya juya ƙwallon da hannun dama. "Daga baya na yi tunani. Da fayil ɗin yana nan, da tun safiyar Litinin ɗin zan ɗora hannu, in ga komai na wurinsa, in ga ni ne ba na nan. Da kafin azahar na dawo gida. Amma kin ga, kwana goma na yi ina tashi da safe ina sa riga, ina cewa fayil ne matsalar, yau za mu samo wasu huɗu. Wata huɗu ban tashi da irin wannan ba."

Hawaye suka zubo mini, na ji haushin kaina, don ba ni ya kamata in yi kuka a ɗakin ba.

Ya tura mini ledar da ƙafa. "Ki koma da shi. Me zan yi da shi a nan, in jona a jikin rediyo? Ki koyi goma sha taran, ki rage wa linzamin nan wahala."

Yanzu shekara biyu ke nan. An kawo wata a teburinsa, mai kirki ce, ba ta tsokanar kowa, kuma ofishin ya yi mini shiru da yawa. Bahago yana gida. Yaya ta ce yakan zauna a bakin ƙofa ya kalli ginin da ake yi a tsallaken titi, ya ce tagoginsu ba su daidaita ba.

Kibod ɗinsa nake aiki da shi, kuma goma sha taran sun zauna mini a hannu, har Injiniya ya ce na ƙara sauri. A can ƙasan ɓarin hagu, inda ƙaramin yatsa ke sauka, akwai madannai biyu da suka fi duk sauran gogewa, sun yi santsi har suna ƙyalli. Ko ɗaya daga cikinsu bai fito a goma sha taranmu ba. Wani abu ne da ya yi ta yi kullum, shekara da shekaru, fiye da komai. Na tambaye shi sau biyu, ya dubi hannun, ya ce bai sani ba.